Yadda Mainasara Ya Gyara Jar Mota

A Tudun Wada, in ana hirar mota a majalisar bakin tasha, to Mainasara ne mai baki. Ya taɓa zama Abuja wata bakwai yana aikin wankin mota, ya dawo gida yana cewa babu injin da bai kwance ba, babu motar da bai tuƙa ba. Gaskiyar magana, iyakar tuƙinsa shi ne matsar da mota daga wurin kumfa zuwa wurin ɗauraya. Amma in ka ji shi yana bayani, yana karkaɗa makullin babur a yatsa, sai ka ɗauka shi ya koya wa Turawa ƙira. 'Yan majalisa suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Matarsa Kande tana da ƙane, Mujitaba, ɗan kasuwar shinkafa da Allah ya buɗa wa a Kano. Yana gina injin casa a bakin gari, ya kuma yi wa yayarsa alkawarin in an gama zai ɗora mijinta a kan kula da wurin. Da zai tafi Umara sai ya zo sallama a cikin wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya kamar an zauna a kanta, mai rurin da ya sa kajin unguwa suka haye katanga. Ya ce ana aikin gini a gidansa na Kano, ba ya son siminti ya zubo mata, don haka zai bar ta a nan kwana goma sha biyu. Aka shigar da ita rumfar ƙofar gida, aka lulluɓe da tamfol.

"Yaya Kande, ga makulli," in ji Mujitaba. "A bar ta yadda take. Ko tayar da ita ba sai an yi ba."

Mainasara ya gyara hula. "Haba Mujitaba, ni za a yi wa bayani? Irin wannan guda nawa suka bi ta hannuna a Abuja?"

"Shi ya sa na ba Yaya Kande makullin," Mujitaba ya ce yana dariya.

Kwana uku Mainasara yana zagaya rumfar nan, yana ɗaga tamfol yana leƙe. Ranar kasuwa ta zo, sai dabara ta faɗo masa. Zai shiga kasuwa a cikin motar, ya tsaya a gaban dillalan shinkafa, ya fito a hankali, don tun yanzu su san wanda za su riƙa yi wa layi in injin casa ya fara aiki. Ya shiga gida fuskarsa a murtuke.

"Kande, akwai matsala. Batirin irin waɗannan motocin, in ya kwana uku bai ji wuta ba, mutuwa yake yi. Kuma sai an aiko da wani daga Jamus."

"Malam, ai ya ce ko tayar da ita ba sai an yi ba."

"Shi shinkafa ya sani. Ni kuwa mota na sani. Minti biyu kawai, ta ɗan yi ɗumi."

Ta ɗauko makullin daga cikin langa tana jan jiki. Kafin ta koma madafi, ta ji rurin ya bar ƙofar gida ya nufi titi.

Har bakin tasha lafiya lau, don a hankali yake tafe kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ya hango 'yan majalisa sun miƙe suna nuna shi, sai kansa ya kumbura. Ya ce bari ya ɗan taka totur su ji muryarta. Motar kuwa ba ta san wasa ba. Ta yi wani irin tsalle, ta yi kan wani amalanken shanu da ke tafe da buhunan shinkafa, ta daki bayansa, gam! Nan take wata farar jaka ta fito daga cikin sitiyari ta kwaɗa masa mari. Mainasara ya banko ƙofa ya fito da rarrafe yana ihu.

"Aljani! Jama'a, akwai aljani a ciki!"

Shanun ko waiwayowa ba su yi ba. Dattijon da ke kora su ya sauko, ya duba amalankensa, ya ga ko ƙusa ba ta motsa ba.

"Sannu, ɗana. Ba ka ji ciwo ba ko? To alhamdu lillahi. Gaba in za ka wuce, ka yi min magana, sai in ba ka hanya."

'Yan majalisa suka kewaye shi. Wani ya ce, "Injiniya, birkin ne ya ƙi?"

Mainasara ya karkaɗe riga, kuncinsa ɗaya ya tasa. "Wane birki? Ƙarfin gabanta nake gwadawa. Duk wanda ya san mota sai ya yi wannan gwajin."

"To aljanin fa?"

"Sunan jakar ke nan a wurin masana."

Da aka duba, ɓarnar ba ta kai yadda ƙarar ta nuna ba. Bamba ta tsage ta saki ta gefe guda, fitilar dama ta fashe, murfin inji ya ɗan lotsa kamar faɗin faifai. Motar tana tashi, tana tafiya. Ya tura jakar ya cusa ta cikin sitiyari, ya lallaɓa ya koma gida.

Kande ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Malam, ka kira Mujitaba yanzu ka gaya masa. Ko kuma ka kai ta Kano wurin masu gyaran bodi, waɗanda aikinsu ke nan."

"Mutum yana gaban Ka'aba zan tayar masa da hankali? Kano kuma me suka sani, in ban da surutu da ja wa mutum rai? Ke ba ki san yadda ake zaɓen mai gyara ba. Ba girman gareji ake dubawa ba, hannu ake dubawa. Kwana tara ne da ni. Wallahi in na gama da ita, sai ya yi min godiya."

Washegari da safe ya nufi Dangora wurin Ɗanliti mai walda, wanda ya yi suna wajen ƙera ƙofofin ƙarfe da garmar shanu. Mainasara ya tsaya a kansa ya harɗe hannu, zai yi masa jarrabawa.

"Ka taɓa gyara irin wannan?"

Ɗanliti ya ɗaga baƙin tabarau ya dubi motar. "Ƙarfe ai ƙarfe ne."

"Ka ji ƙwararre! Bismillah."

Ɗanliti ya kunna wuta ya kanga wa tsagar bamba. Sai ga bamba ta yi laushi, ta lanƙwashe, ta fara ɗiga ƙasa kamar man shanu a rana. Wari ya cika wurin. Kafin ya janye hannu, rabin fuskar motar ya zube.

"Kai! Ashe roba ce! Motar masu kuɗi da roba kamar bokiti?"

Mainasara ya toshe hanci. "Na sani. So nake in ga ko za ka gane."

"To na gane. Amma kada ka damu, gara da ta narke. Zan yi mata ta gaske, wadda ko tirela ta gani sai ta kauce."

Ya ɗauko ragowar bututun da ya yi wa wani Alhaji ƙofa, ya yanka, ya jera, ya liƙa wa gaban motar, har da 'yan masu a sama don ado. Daga nan ya koma kan lotsawar murfin inji da guduma. Ya buga ta ciki, ta ɓullo ta waje. Ya buga ta waje, ta koma gefe. Ya bi ta gefen, ta haihu. Can wajen azahar murfin ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga kuma yaga a tsakiya da hannu zai shige.

Wani mai gyaran babur da ke kusa ya leƙo. "Ɗanliti, kun cire batir kuwa kafin ku sa walda?"

Mainasara ya harare shi. "Kai da babur ka sani, ka tsaya a babur."

Da ya tayar da motar, duk fitilun gaban sitiyari suka kama lokaci guda, ja da rawaya da kore, kamar gidan biki. Ya taka birki, sai hon ya ɗauka. Ya karya hagu, sai masu share gilashi suka fara aiki. Ga nauyin ƙarfen ya danne gaban har yana shafar kwalta. Duk tudun da aka yi a titi don rage gudu, sai ya fito ya roƙi masu sayar da rake su ɗaga masa hancinta. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba, sai la'asar sakaliya ya isa gida.

Kande ta fito ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Malam, ƙofar gidan wa ka ɗauro mata?"

"Matakin farko ke nan. Ba a nuna wa mace aikin da ba a gama ba."

"Ai kuwa duk unguwa sun gani, maza da mata."

Yanzu abin da ya rage shi ne ramin da robar ta bari da yagar murfin. A majalisa wani ya ce, cikin wasa, ai masu toshe rami na gaskiya suna bakin ruwa. Kowa ya yi dariya, ban da Mainasara. Shi sai ya buga cinya.

"Wallahi abin da ke raina ke nan, ka riga ni faɗa ne kawai."

Ya ɗauki hanyar Bagauda, aka nuna masa Kamilu mai gyaran kwale-kwalen masunta. Kamilu mutum ne marar yawan magana. Ya zagaya motar sau biyu, ya tsuguna ya leƙa.

"Malam, ni fa jirgi nake gyarawa."

"Jirgi da mota duk abin hawa ne. In ka iya hana ruwa shiga, me zai gagare ka?"

"Haka ne kuma."

Kwana biyu Kamilu yana aiki. Ya yanka katako, ya lanƙwasa kwanon rufi, ya dafa kwalta a gwangwani ya bi kowace kafa ya shafe. Da yake siffa ɗaya hannunsa ya saba da ita, sai gaban motar ya fito da tsini, ya ɗan ɗaga sama ta tsakanin ƙarafan Ɗanliti. Masunta suka taru suna yabawa. Wani ya tambaya ko a nan za a jefa ta ko sai an kai Tiga.

"Na yi maka alkawari," in ji Kamilu, "ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba."

Ruwa bai shiga ba, iska ma haka. Ko Bebeji bai wuce sosai ba inji ya fara tafasa, tururi ya turnuƙe, kwalta ta narke ta bi ta gangaro a kan tayoyi. Mainasara ya tsaya a bakin hanya, ya ari ƙusa da dutse wurin wani mai faci, ya yi ta huda gaban motar har ya zama kamar rariya. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mujitaba ne daga Makka.

"Yaya, ina wuni? Ya gida? Ya ajiyata?"

"Lafiya ƙalau! Tana nan... ai in ka gan ta ba za ka gane ta ba."

"Madalla. Wanke ta kake yi ke nan. Jibi-jibin nan muna tafe in sha Allah."

Saura fenti da fitila. Ya nufi Kiru wurin Sagir, mai rubuta allunan shaguna da zane a jikin manyan motoci. Sagir ya ciro fitilar wani mataccen babur mai ƙafa uku ya ɗaura a gurbin ta dama da waya. Sannan ya buɗe gwangwanin jan fenti ya shafa wa katakon. Jan ya fito daban da na motar.

"Bai yi daidai ba," in ji Mainasara.

"Nata ne ya koɗe. Sai dai a shafe ta gaba ɗaya."

"Abin da zan ce ke nan."

Sagir ya kama aiki da buroshi. Yana kaiwa ƙofar direba jan ya ƙare, sai ya ƙarasa da ruwan goro. Mainasara ya tafi sallah, ya biya ta wurin mai tsire, ya tsaya yana ba mutane labarin Abuja. Da ya dawo ya tarar da wata dabba zane a kan murfin inji, baki buɗe, ido ɗaya ya fi ɗaya girma saboda tudun gudumar Ɗanliti.

"Wannan kyanwar fa?"

"Zaki ne. Na sa shi ne ya ɓoye lotsawar. Zagaya baya ka ga kyautar da na yi maka."

A bayan motar, da manyan haruffa farare, an rubuta: KU YI TA KALLO.

Mainasara ya karanta, sai ya gyaɗa kai. "A Abuja ma yanzu haka ake yayi."

Ranar da Mujitaba ya dawo, dangi da maƙwabta suka cika ƙofar gidan Kande, an shimfiɗa tabarmi, ana raba dabino da zamzam. Mujitaba ya dubi rumfa ya ga tamfol a naɗe.

"Yaya Kande, ina motar?"

Kande ta sunkuyar da kai. "Ka jira yayanka. Ni bakina ba zai iya ba."

Ba ta rufe baki ba aka jiwo hon daga nesa, yana yi yana tsayawa. Sai ga abu ya karyo kwana, rabi ja rabi ruwan goro, hanci a sama, ƙarafa a gaba, masu share gilashi suna ta kaiwa da komowa ba ko hadari. Mutane kusan talatin suna biye da shi a ƙasa, don tun daga kasuwa suka ɗauka masu tallar maganin gargajiya ne. Tana tsayawa wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ɗan nan, akwai na basir?"

"Ni na sanyin ƙashi nake so," in ji wani.

Mujitaba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ikon Allah! Wa ya kira mana masu magani?"

Sai idonsa ya sauka a kan lambar motar. Dariyar ta tsaya. Dabinon da ke hannunsa ya faɗi.

Mainasara ya fito yana washe baki, ya buɗe hannuwa. "Maraba da Alhaji! Kafin ka ce komai, bari in yi maka bayani. Motar nan da ka kawo, roba ce zalla, cutarka aka yi. Ɗan amalanke kawai ta shafa ta tsage. Ni kuwa na ce ƙanin matata ba zai hau bokiti ba. Yanzu ruwa ba ya shigarta, ɓarawo ba zai sace ta ba don duk ƙasar nan an san ta. Ga kuma ƙarfi. Jama'a, ku matsa ku gani!"

Ya tattare riga ya haye kan ƙarafan Ɗanliti da ƙafa biyu, ya yi tsalle sau ɗaya. A na biyu aka ji ƙaras! Ƙarafan suka ɓalle, suka jawo katakon Kamilu, katakon ya jawo fitilar Sagir, murfin inji ya zame da zakinsa ya kife a ƙasa. Mainasara ya faɗo zaune daɓas cikin kwalta mai ɗumi. Hon ya kama, ya ƙi tsayawa, sai da wani ya zo ya zare kan batir.

Sai dariya ta ɓarke. Tsohuwar nan ta ja mayafinta tana cewa in babu maganin ai sai a faɗa wa mutane. Kande ba ta yi dariya ba.

"Malam, amana aka ba ni. Ka sa na kasa haɗa ido da ƙanena."

Mainasara ya miƙe daga cikin kwaltar yana kallon ƙasa.

Mujitaba ya daɗe yana salati a hankali. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Yaya, da ka kira ni tun ranar, waya ɗaya zan yi a zo a ɗauke ta. Akwai garejin da ke kula da ita." Ya ɗan tsaya. "Maganar injin casa kuma, a bar ta. Shi ma ƙarfe ne. In ya yi tari wata rana, ban san inda za ka kai min shi ba."

Washegari da hantsi janwe ta iso daga Kano, irin mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora mota a kai. Da ita aka zo da Malam Sunusi, dattijon da ya shekara talatin yana gyaran bodi. Unguwa ta sake taruwa. Malam Sunusi ya sa tabarau, ya zagaya, ya shafa, ya leƙa, ya ɗaga wani guntun katako ya shinshina.

"Me ta daka?"

"Amalanke," in ji jama'a.

"Amalanken bai yi mata komai ba, Allah ya yi masa albarka. Nasa aikin kwana biyu ne. Wa ya gyara ta?"

Duk yatsun unguwa suka nuna mutum ɗaya.

"To gyaran ne zai ɗauke mu wata uku, in an samu kaya." Ya dubi Mainasara ta saman tabarau. "Malam, sai ka biyo mu. Wayoyin nan an dagula su, ina so ka nuna min duk inda aka taɓa, da wanda ya taɓa, da abin da ya taɓa da shi. In ba haka ba sai mu shekara muna lalube."

Aka ja motar aka ɗora, aka tattara ƙarafa da katako da zaki aka jibga a gefenta. Gaban janwe mutum uku yake ci: direba, da Malam Sunusi, da Mujitaba. Babu wurin Mainasara, sai aka ce ya hau sama ya shiga cikin motar ya zauna. Ya hau jiki a sanyaye, wandonsa na jiya har yanzu yana jiƙe a baho ana fama da kwalta.

Janwe ta kama hanya a hankali. Da suka doso bakin tasha, Mainasara ya hango 'yan majalisa sun miƙe tsaye gaba ɗaya. Ya dube su daga can sama, ya ga bai taɓa kallonsu daga wuri mai tsayi haka ba. Sai ya gyara zama, ya karkata hula, ya ɗora hannu ɗaya a kan sitiyari, ya leƙo da kai ta taga.

"Injiniya, ina zuwa?" wani ya ɗaga murya.

"Kano!" in ji Mainasara. "Aikin ya fi ƙarfinsu. Sun ce sai na je da kaina na nuna musu yadda aka yi shi!"